Ƙofar da Ta Ƙi Keke

"Ajiye gudumar nan, Kashim," in ji Baba Pindar daga kan gado.

Ya makara. Na riga na kai wa bakin ƙofar duka ɗaya, ɓallin jan bulo ya faɗo a ƙafata.

'Yarsa Peace ce ta kira ni. Ƙafafun tsohon sun daina ɗaukarsa, an sayo masa keken marasa lafiya, keken kuma ya ƙi wuce ƙofar ɗaki. Shi ko ba abin da yake roƙo sai a fitar da shi baranda. Ni magini ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka aka ce in faɗaɗa ƙofar.

Da murnata na zo. Na daɗe ina jin haushin gidan nan. Tsohon gidan fasto ne tun zamanin Turawan mishan. Da fasto ya koma sabon gini a unguwar Jiddari Polo, aka bar wa Baba gadinsa. Bangonsa kaurin kamu guda, rufinsa can sama, tagogi na kallon juna, baranda ta zagaye shi. Nawa gidan ni na gina shi, har da tayil, amma da azahar kwano kan gasa mu kamar masara. Nasa ko fanka babu, sai ka rantse cikin randa kake. Ɗaliban jami'a su zo da kyamara, su jingina da katangata su ɗauki nasa hoto. Hukumar adana kayan tarihi ma ta liƙa masa allo, wai ko ƙusa kar a buga. Ni ban taɓa samun wanda ya tambayi wa ya gina nawa ba.

"Baba, ƙofa ce fa kawai," in ji Peace. "Ya Kashim zai gyara, ba mai ganewa."

"Ni zan gane."

"To ka zauna a ɗaka ke nan?" na ce. "Bulo ya fi ka?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai cikin bangon kake son gani. Na san ka."

Ya gano ni, kuma abin ya ƙona min rai. Na jefa ɓallin a aljihu, na juya zan tafi.

"Bayanka ma ya ƙi wuce ƙofar?" ya ce.

Haka na durƙusa, Peace ta ɗora min shi. Ko rabin buhun siminti bai kai ba. Da muka zo ƙofar sai ya miƙa hannu ya shafa inda na fasa.

Kullum bayan la'asar nakan shigo in goya shi. Ya zauna a baranda, iska na shigowa ta ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, ni ina gefe ina harare-hararen ginshiƙai, ina neman tsaga ko ɗaya. Ban samu ba.

A nan ya cika, wata Talata da ake zafi kamar gari zai kama da wuta. Peace ta zaci gyangyaɗi yake. Ko gumi babu a goshinsa, har wannan ma sai da na ji kishinsa.

Bayan an binne shi, mutanen coci suka sa wa gidan kwaɗo. Ɓallin bulon yana kan tagar ɗakina. Jiya da azahar na ɗauka, na kara a kumatuna. Ya yi zafi zau, kamar komai na gidana.