Gudun da Ba a Wuce Babba

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya dire ni a layin tashi na gudun famfalaki, kilomita arba'in da biyu, a wani gari da ban san sunansa ba. Ban yi mamaki ba. Ranar Lahadi ina da irin wannan gudun a farke, kuma shi ne na farko da zan yi babu yayana Haladu a gabana. Shekara bakwai ke nan ina zuwa na biyu a bayansa.

Wani rago mai manyan ƙahoni ne ke rabon lamba, da usur rataye a wuyansa. Ya duba haƙorana, ya manna mini 26 a ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ai wannan shekaruna ne."

"To da na wa za mu sa maka?" in ji ragon. "A nan ba a wuce babba sai an gaishe shi ya ba da izini. Kuma agwagin da ke riƙe da zaren ƙarshe da azahar suke tashi daga aiki."

Aka busa usur. Titin ya ɗan matsa ya ba mu wuri.

Gudun kansa ba wuya, gaisuwar ce aiki. Na durƙusa wa mai lamba 40, na tambaye shi iyali da gajiya, ya ce in wuce. Mai lamba 63 kuwa sai da ya ba ni labarin ciwon bayansa tun daga farko. Wani baƙo dogo da bai san ƙa'ida ba ya wuce wata tsohuwa fuu ko sallama babu, titin ya naɗe shi kamar tabarma ya mai da shi layin tashi. Ba wanda ya waiwaya.

A wurin shan ruwa kaji ne ke aiki. Suka matse gumin rigata a kofi, suka ce in dawo gobe in ya huce.

Sai ga ni a kilomita na arba'in da ɗaya, mutum ɗaya tak a gabana, lamba 31. Na san ƙeyar nan fiye da fuskar mai ita. Yaya Haladu ne, yana gudu da ƙafafunsa biyu cif, har da ta hagun da aka yanke bara bayan hatsarin babur. Daɗi ya cika ni, amma na yi shiru kada ƙafar ta ji.

Na durƙusa ina gudu, don a garin ana iya haka.

"Yaya, barka da hanya."

"Sagiru, wuce."

"A'a Yaya, nan ma ya yi mini."

"Na ce ka wuce. Shekara uku kana rage gudu a daidai nan. Ka ɗauka ba na jin numfashinka? Ko haki ba ka yi."

Kunya ta kama ni. Na sunkuya na kwance igiyar takalmina na sake ɗaurewa, kamar yadda na saba. Can gaba agwagin sun fara naɗe zare, ɗaya tana duban rana.

Yaya ya tsaya. Ya cire ƙafar hagun a hankali, ya saɓa ta a kafaɗa.

"Dama aro ce, da azahar zan mayar," ya ce. Ya koma gefe ya zauna. "To, yanzu bayan wa za ka bi?"

Na dubi gaba. Titi fetal, babu ƙeyar kowa. Ban taɓa ganin hanya haka ba, kuma gaskiya tsoro na ji. Na ɗaga ƙafa.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sandar ƙarfen da Yaya ke dogarawa ce a kan simintin tsakar gida. Na buɗe ido, gari ya waye, Yaya Haladu na jingine a bakin ƙofa da agogo a hannu.

"Tashi ka sa takalmi," ya ce. "Kai kaɗai za ka. Ni lokaci zan riƙe maka."