Firijin da Ba Ya Ciwo a Gaban Baƙo

Sau huɗu Dogara yana hawa tsohon babur ɗinsa daga Kafanchan zuwa wani ƙauye a bayan Kwoi, duk a kan firiji guda. Shi ne makanikin da mishan ke turawa in wani abu ya lalace a ƙananan ɗakunan shan magani, kuma a shekarar 1976 babu abin da ya sha masa kai kamar wannan firiji mai aiki da kananzir. A cikinsa ake ajiye allurar rigakafin ƙyanda. Sista Clara, mai kula da wurin, takan rubuto cewa sanyi ya gudu, magani ya lalace. Sai Dogara ya aika takarda ya sa rana, ya zo ya tarar da ɗaki fes, an share an wanke, firiji kuwa har ƙanƙara yake yi.

Ya canza lagwani. Ya goge bututun hayaƙi. Ya duba ko zamansa ya karkace, bai karkace ba. A zuwa na uku ya sa aka kai shi shagonsa a mota, ɗan banzan ya yi sati biyu yana aiki lafiya lau, kamar mai yi masa gwalo.

"Malam Dogara, ba ƙarya nake ba," in ji Clara a zuwa na huɗu. "In ka tafi, kwana biyu sai ya fara."

"To Sista, ni abin da idona ya gani zan rubuta."

Ya rubuta cewa ya duba, bai ga laifi ba. Ya san a hedkwata ana raɗe-raɗin wai sayar da kananzir take yi tana barin wutar ta mutu, ya kuma san takardarsa za ta iya cin aikinta. Amma bayansa na ciwo, hanya ta gama jijjiga shi, ya gaji da abin har wuya. Ya sa hannu kawai don ya huta.

Bayan wata biyu ya je gyaran famfo a ƙauyen da ke kusa. Da zai koma sai ya ratse ta ɗakin shan maganin don ya sha ruwa, ba tare da ya aiko ba. Baba Meshak, dattijon ikilisiya mai riƙe da makulli, ya buɗe masa ɗakin yana ta kame-kame.

Ƙamshin citta ne ya fara dukan hancinsa. Buhuna ne jibge har kusa da kwanon rufi, sun rufe bayan firijin da gefensa, ƙofarsa kaɗai ake gani. Dogara ya cusa hannu ta baya, ya zare da sauri. Zafin ba shi da hanyar fita.

"Baba, mene ne wannan?"

"Cittan baiko ne, wanda jama'a suka ba ikilisiya. Nan ne kawai yana da siminti da kwaɗo." Tsohon ya sosa kai. "Amma ba ka kyauta ba, injiniya. Da ka aiko takarda, da mun kwashe. Baƙo ba zai zo ya ga ɗaki haka ba, kunya ne."

"Duk zuwan da nake yi, kwashewa kuke?"

"Kwana biyu kafin ka iso. Matan zumunta na ikilisiya su wanke ƙasa kuma."

Dogara ya zauna a kan buhu. A duk zuwansa ya yi tambaya a kan lagwani, ya yi a kan kananzir, amma ko sau ɗaya bai tambayi yadda ɗakin yake in ba ya nan ba. Haushin kansa ya kama shi.

"Ina Sista Clara? Kira mini ita, na gano ciwon."

"Ai Sista ya tafi gidansu," in ji Baba Meshak. "Sati uku ke nan da sallamar shi. Sun ce injiniya ya duba sau huɗu, bai ga laifi ba."