Butar Abba

Haoua ce ta fara jin maganar, kuma duk abin da ya shiga kunnen Haoua to ya shiga kunnen unguwarmu Gubaira gaba ɗaya. 'Yar Maraɗi ce, ƙofarta na kallon tawa a hawa na farko. Mijinta Harouna shi ne haris, mai kula da gidan, shi ya sa take taku kamar da guminta aka gina shi. Tun ranar da mota ta kashe mijina Ghali a hanyar kasuwar Aziziya aka kai shi maƙabartar Al-Oud, ta sa ido a kan ɗakina, saboda ƙaninta zai zo da iyalinsa. Ban taɓa ƙaunarta ba, ita ma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoye nata ba.

Kafil ɗin Ghali, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, ya tausaya mini, ya mai da iƙamata, wato takardar zamana, ta koma ta aikin gida, ina yi wa matarsa girki da wanki. Kullum da safe sai in haura da 'yata Zaituna sama wurin Nasrin, matar wani tela Ba'indiye, ta wuni da 'ya'yanta. Shekarun Zaituna shida, a nan Riyad aka haife ta. Larabci take zubawa kamar ruwa, Hausarta kuwa gutsi-gutsi ce, sai ga Indiyanci ya shigo ya raba musu gardama. Akwai wani fim da suka nace wa, na wani tsoho da ya mutu ya ƙi barin gidansa, yana ɓoye wa mutane takalma, yana raka wata yarinya makaranta. Yarinyar kaɗai ke ganinsa. Na taɓa tsayawa na kalli rabinsa har na yi dariya, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Cikin kayan Ghali, butarsa kawai na hana a taɓa. Ta roba ce, shuɗiya, bakinta ya ɗan narke a gefe. Na ajiye ta a lungun ƙofa inda ya saba dire ta. Duk lokacin da Zaituna ta kai hannu sai in ce, "Bari, butar Abba ce."

Ranar wata Juma'a bayan la'asar Haoua ta buga mini ƙofa kamar mai neman karya ta. Harouna na bayanta yana sosa ƙeya, matan gidan sun cika matakala.

"Maman Zaituna, mi kika aje cikin butar ga?"

"Wace buta?"

"Wadda ɗiyarki ka gaidawa! Da kunnena na jiya. Tana duƙe tana ba ta labari, tana aje mata dabino. Na tambaye ta, ta ce Abbanta na ciki. Kin ɗaure kurwar mutum, ko aljani ne kika kawo muna cikin gida?"

"Haoua, ki iya bakinki."

"Ba ni iyawa! Ɗana ya kwana ukku yana masassara. Sihiri ne, wallahi sihiri ne. Ko ki tattara ki bar gidan ga, ko Harouna ya kira waɗanda ka kama masu irin aikinki."

A gida Kano da tsaki zan bi ta da shi in rufe ƙofata. A nan kuwa kalmar sihiri ba abin wasa ba ce, balle a kan baƙar mace mai aikin gida wadda ba ta da miji. Idan aka tafi da ni, ko da daga baya an gane ƙarya ce, wa zai riƙe mini Zaituna? Kafil ɗina ma da ya ji zai zare hannunsa. Haoua ta san wannan sarai, don shi ta zaɓi kalmar.

Na jawo yarinyar gabana. "Zaituna, me kike yi da butar nan?"

Ta dube ni kamar ni ce mai ƙaramin hankali. "Mama, inti, ke kika ce. But na Abba."

Hayaniyar ta sauko da Nasrin, da gari a hannunta. Da ta ji abin da yarinyar ta faɗa sai ta dafe ƙirji. Cikin Larabcinta na kasuwa ta bayyana mana cewa a yarensu bhut shi ne fatalwa, haka yara ke kiran tsohon nan na fim. Nan take na gane. Wata da watanni ina cewa butar Abba, ita kuma 'yata tana jin fatalwar Abba. Ta ɗauka ina gaya mata ne cewa bai tafi ba, yana nan a lungun ƙofa, kada dai a dame shi.

Wasu matan suka fashe da dariya. Harouna ya ce, "Halas, shi ke nan, hwim ne ashe," ya juya zai sauka. Haoua ta riƙe masa riga. Da mai kunya ce da ta shige ɗaki, amma ita kunya ba ta taɓa kwana a gidansu ba.

"Ba'indiya za ta koya mini? Su da ka ƙona turare ma gunki?"

Nasrin da ba ta taɓa fashin salla ba, Allah ya taimake ta ba ta jin Hausa.

"In babu komi, ta buɗe ta mu gani," in ji Haoua. "Ana cusa laya can ƙasa inda ido ba ya kai. Kuma ɗiyar ta hwaɗa da bakinta babu kowa ciki. In ba haka ba, ga talho a hannuna."

Na dubi matan. Kowacce ta kawar da kai, tana tsoron a ce da ita aka haɗa baki. Na shiga kicin na ɗauko wuƙa. Zaituna ta rungume butar, sai da na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Robar ta yi tauri, na yi ta yanka tana ƙara, har ta rabe biyu a kan tayil. Ba komai a ciki sai farin gishirin ruwan alwalar Ghali da ya bushe a gindinta. Na tura wa Haoua da ƙafa.

"Duba da kyau. Ko ki lasa."

Ta duba ɗin kuwa, marar tsoron Allah, har da juya ta. "Saura ɗiyar."

Na durƙusa na kama kafaɗun Zaituna. "Ki ce babu kowa."

Ta girgiza kai.

"Zaituna, ki faɗa, ko su tafi da ni ki kwana ke kaɗai."

Ta daɗe tana kallon ɓarin robar. Can ta ce, da muryar da da ƙyar aka ji, "Ma fi ahad. Babu kowa."

Haoua ta saka wayarta a zani, ta ja tsaki, ta ce ita dai ta faɗi abin da ta gani. Matakala ta watse. Ɗakina ya tsira, ni ma na tsira, kuma har gobe ban yafe wa matar nan ba. Idan muka haɗu a saman bene wajen shanya, ko ita ta sauka ko ni.

Na rufe ƙofa na fara tattara robar. Zaituna ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta tsince dabinon da ta jera a lungun ta zuba a kwandon shara.

"Ki bar shi, zan saya miki wata butar irinta sak," na ce.

"La, a'a, Mama." Ta goge hannunta a riga. "A fim, idan yarinyar ta ce ba ta ganinsa, shi ke nan ba ya dawowa. Shi ya sa ita ba ta faɗa ba, ko da aka doke ta."