Baƙuwar Dakta Sagiru

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bakina da ɗaci-ɗaci.

Sai ga ni a ɗakin karatu na kwalejin da nake koyarwa. Ɗakin dai namu ne, ga fankar nan tamu da ba ta juyawa, amma kantocin littattafai fayau, an jera tulunan ruwa a kansu. Bunsuru ne zaune a kujerar shugaban laburare, da tabarau da hula zanna. Ban yi mamaki ba, don na san tun da aka kwashe mujallu aka zuba su cikin na'ura awaki suka rasa takardar ci, shi ne aka tausaya musu aka ɗauke su aiki.

Na gaya masa abin da ke tafe da ni, wanda ko ido biyu shi ke kai ni wurin. Kafin a haife ni wata Baturiya ta zauna a ƙauyenmu, ta rubuta waƙoƙin niƙa daga bakin kakata, Dada Tabawa, ta je ta buga su a wata mujalla. Dada ta rasu ina firamare. Baiti ɗaya tal na riƙe a waƙoƙinta, sauran sun bi ta. Maƙalar tana nan a rumbun mujallu na intanet, sai dai kwalejinmu ba ta cikin makarantun da aka buɗe wa ƙofa. Shafin farko kawai ake nuna mana, shi kuwa duk godiya ce ga hakimi.

Bunsurun ya saurare ni yana tuƙa. Ya ce Dada tana gajimare, inda na'ura ke ajiye kayanta, sai an sauke ta.

"To a sauke ta mana, ranka ya daɗe."

"A ina? Kuna da masauki?"

Ya yi mini bayani a tsanake cewa maƙala baƙuwa ce, kuma baƙuwa mai daraja ba ta sauka sai gidan da aka san mai shi. Na ce ai ni jikanta ne. Ya danna na'ura da kofato, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce bai ga wata jami'a mai suna Jika ba. Abin da kawai zai iya yi mini shi ne ya buɗe taga. Na leƙa sama, na hango kan ɗankwalinta da ɗan goshinta a cikin gajimare. Ya ce iyakar rabon kwalejinmu ke nan, ya rufe.

Sai kuma na gan ni a ƙofar gidan Dakta Sagiru.

Benci ɗaya muka zauna da Sagiru a jami'a. Ni na koya masa yadda ake kawo madogara a rubutu, har abincina ya sha ci. Yau shi yana babbar jami'a mai buɗaɗɗen laburare, ni ina inda fanka ba ta juyawa. A mafarkin an kafa tsani daga soron gidansa har gajimare, maƙaloli suna ta gangarowa da jakunkunansu. Akwai masu gemu, akwai masu sanda, akwai wata da ke jan ƙananan bayanai a ƙafa kamar kaza da 'yan tsaki. Sagiru yana tsaye cikin farar shadda yana ce wa kowa sannu da hanya. Ko fuskarsu ba ya kallo. Zaure ya cika, an jibge wasu kan wasu, shekararsu guda a nan bai ce musu uffan ba.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta kama ni har cikin haƙora. Na tsaya ina addu'ar tsanin ya karye, sai na tuna wa ke kansa, na janye addu'ar.

Ga Dada tana saukowa a hankali, da zanen saƙinta, tana riƙe da ɗan dutsen niƙa a hammata. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta dubi Sagiru ta yi dariya.

"Maigidana, ina cefanen? Ko yau ma da yunwa za ka kwanar da amarya?"

Nan ne abin ya soke ni. Kowa ya san kaka jikanta take tsokana da miji, kuma a duk jikokin Dada ni ne maigidan. Ni take ƙwace wa hula ta ce sai na biya kuɗin zane. Sagiru ko hanyar ƙauyenmu bai sani ba. Tarihin haraji yake bincike, bai taɓa durƙusawa gaban dutsen niƙa ba. Ya dai gan ta ne yana wucewa, ya sauke ta wai ko za ta yi amfani wata rana.

Na ƙwala mata kira. Ta juyo, amma daga goshi zuwa ƙasa hazo ne, da ɗan kwaɗon kulle ƙofa a rataye inda bakinta ya kamata ya kasance. Ta cikin kwaɗon ta yi magana, da ladabi irin na ofis.

"Yaro, ka shigo ta makarantarku."

Ta shige zaure. Daga waje na ji ta durƙusa, na ji dutse ya fara tafiya, ta ɗauko baitin nan da na sani. Muryarta ce sak, da 'yar shaƙewar nan ta mai cin goro. Tana kai ƙarshen baitin sai sauti ya ɗauke mini ɗif. Ta ƙofa ina ganin kafaɗunta suna kai da komo, ina ganin Sagiru a zaune gabanta yana latsa waya yana hamma.

Na ji ana jan rigata. Bunsurun ne, ya riga ya cinye rabin aljihuna. Ya ce shi bai ga abin wahala a nan ba, duk malaman kwalejinmu haka suke yi, mutum ya sami wanda ya sani a babbar jami'a ya ce don Allah a turo masa. Ya ce kalma biyu ce, ko akuya tana iya faɗa.

Kafin in ba shi amsa Sagiru ya fito, fuska a sake, ya kama hannuna da hannu biyu. Da ma ya yi mini girman kai da na sami abin riƙewa. Kirkinsa ya fi komai ƙona mini rai.

"A'a, Tasi'u, kai ne a waje? Akwai abin da kake buƙata?"

"Babu komai. Wucewa nake."

Ya ce to madalla, shi bari ya rage baƙi, gida ya cika. Ya tafa hannu. Ruwan sama ya ɓarke daga ƙasa ya nufi sama, baƙin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, jakunkuna na lilo. Dada ta fito ta saman zaure a durƙushe, har yanzu tana niƙa, bakinta na motsi a bayan kwaɗon. Ta wuce kan bishiyar dogon yaro. Ta wuce eriyar maƙwabta. Na damƙi hannun Sagiru, na tattaro "don Allah" tun daga cikina, ta hau ƙirji, ta iso maƙogwaro, ta tsaya tana kakare, kakare, kakare.

Ashe maƙwabcina ne yake ta bugun babur ɗinsa da ya ƙi tashi. Gari ya waye.

Na jawo waya tun ban sauko daga gado ba, na nemo lambar Sagiru, na rubuta masa sallama da ya iyali. Nan take ya amsa, lafiya lau, ya ce kwana biyu, ko akwai wani abu? Na daɗe ina kallon tambayar. Sannan na rubuta masa cewa babu komai, gaisuwa ce.