Rumfar Alhaji Ari

Duk wanda ya san Malam Hambali na Fagge ya san ba zai bar 'yarsa ta riƙa tsallakawa Sabon Gari kullum tana zama cikin samari da sunan aikin kwamfuta ba. Alhaji Ari ne ya sa baki. Amininsa ne tun ƙuruciya, babban dilan kayan masarufi a kasuwar Singa. Ya ce, "Bar ta ta je, ni na tsaya mata." Da wannan magana Kamila ta samu shiga wani ƙaramin kamfanin manhaja, ta kuma san duk ranar da Alhaji ya janye bakinsa, aikin ya ƙare.

Ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Da can in wani ya yi gyara a manhaja, ba a sanin kyansa ko muninsa sai an zuba shi a ta gaske, in ya ɓata abu a yi ta kame-kame. Ita ta tsara yadda da zarar mutum ya miƙa gyaransa a duba, abin da suke kira PR, sai kwafin manhajar ya tashi a intanet da adireshinsa na kansa. A shiga, a latsa ko'ina, a ga aibu. Ana amincewa a haɗa gyaran, kwafin zai goge kansa da duk abin da ke ciki. Ta laƙaba masa suna rumfa, irin wadda ake kafawa a ƙofar gida ranar ɗaurin aure, la'asar na yi a naɗe. Sunan ya bi ofis, har George mai kamfanin yakan leƙo ya ce a kafa masa rumfa ya gani.

Don ta rama alheri, ita ta jawo Alhaji Ari ya zama kwastomansu. Manhaja za a yi masa, abokan cinikinsa na nesa su riƙa ganin kayan da ya sauke. Da aikin ya ɗan yi fasali ta je Singa, ta ratsa tsakanin masu dako da tireloli, ta buɗe masa a wayarsa.

"Baba, ga rumfarka na kafa. Ka shiga ka dudduba, abin da bai yi ba ka gaya min."

"Tawa ce?"

"Taka ce, Baba."

To, a nan aka yi ta. Mutumin da ya gaji rumfar kasuwa a wurin ubansa, ya yi furfura a cikinta, ka ce masa rumfa kana tsammanin biki zai tuna? Kamila da iliminta ba ta tsaya ta yi wannan tunani ba, tana can tana jin daɗin murmushinsa.

Alhaji bai gaya mata komai ba, so yake ya burge ta. Ya sa aka ɗauki hoton kowane buhu da kowane katan aka ɗora. Ya naɗi muryarsa yana yi wa baƙi maraba, da Hausa da Barbarci. Ya tura adireshin ga mutanensa na Damaturu da Gashuwa da Maiduguri, ya ce daga yau ga inda za su same shi.

Ranar Alhamis da hantsi Felix, abokin aikinta, ya gama duba gyaran bai ga matsala ba, ya haɗa. Tsarin Kamila ya yi abin da aka gina shi ya yi, bai bar ko hoto ɗaya ba. Kafin azahar, da aka buɗe adireshin aka ga wayam, labari ya zaga wayoyin 'yan kasuwa cewa 'yan damfara ne suka kwaikwayi muryar Alhaji Ari, kowa ya yi hattara.

"Ki ce masa netwok ne," in ji George. "Kowa a ƙasar nan ya yarda da netwok."

Ba ta iya ba. Ta koma Singa, ta durƙusa ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Alhaji ya saurara har ta dire.

"Wato kin san rushewa za ta yi, kika ce min tawa ce."

"Baba, irin rumfar biki nake nufi. Ta gwaji ce."

"Ni na yi miki kama da mai biki?"

Ta ce za ta kafa ta dindindin yau ɗin nan, ita da kanta za ta sake ɗaukar hotunan. Ya girgiza kai.

"Hoto ai mai sauƙi ne. Mutumin Gashuwa da muke tare tun kafin a haife ki, yau ya kira yana tambayata ko ni ne da gaske."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ta ma da ta fi samun sauƙi. Sai ya sa aka ɗauko katan ɗin taliya ya ce ta kai wa Innarta, ya juya ga wani mai saye. Ta fito rungume da katan ɗin, cike da takaici, don ba ƙarya ta yi ba, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Bayan la'asar mahaifinta ya shigo gida, ya zauna a kan tabarma ya kira ta.

"Ari ya zo. Bai ce kin yi laifi ba, har yaba ki ya yi. Cewa ya yi shi dai ya tsufa, ba zai ƙara tsaya wa abin da bai gane ba." Ya gyara zaman hularsa. "Gobe ki mayar musu da kwamfutarsu."