Butar Shayi ta Tebur na Huɗu

Uwaisu na goge kofuna a bayan kicin ɗin gidan abincin da yake aiki lokacin da abokin aikinsa Rwang ya dangwara masa butar shayi a kan tire.

"Tebur na huɗu. Mutumin gida ne, kullum ya zo Landan a nan yake cin abincin rana. Kai masa shayinsa."

Butar ba tururi. Uwaisu ya ɗaga murfin, ƙamshin ya buge shi. Jar giyar nan ce ta kudancin Faransa, wadda ake haɗa inabi iri uku a yi ta. Shi da bai taɓa ɗanɗana ta ba ya haddace ta kamar karatun allo, don haka manaja ke so a faɗa wa baƙi: Giranash ke kawo zaƙi, Sira ke kawo yaji, na ukun ya riƙe su kada su watse. Rwang, ɗan Jos da ya samo masa aikin, shi ya fassara masa ɗanɗanon. "Ka ɗauka ɗinya ce aka barbaɗa mata masoro da kanumfari. Ba abin da take so irin gasasshen naman rago."

"A buta kuma?" in ji Uwaisu.

Rwang ya yi dariya. "Kai dai baƙo ne. Tun da kuɗin mai ya fashe, manyanku haka suke sha. Wa zai ga Alhaji da kwalba a gabansa?"

Uwaisu ya leƙa ta tagar ƙofa. Innalillahi! Alhaji Almu ne zaune da wani Bature, ana buɗe masa hotunan jiragen ruwa masu dakon siminti. Kawunsa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun rasuwar babansa, ya tsaya masa har ya samu gurbin karatun injiniya, ya kuma yi masa alkawarin 'yarsa Zinatu in ya gama. Mutumin da ya taɓa zane shi da wayar rediyo don kawai an gan shi tsaye ƙofar wani otal a Sabon Gari. In ya gan shi yau da farar riga yana raba giya, ai karatu da Zinatu duk sun tafi.

"Rwang, don Allah kai ka kai."

"Tebur biyar ne a kaina, ga manaja can yana kallonmu. Menene?"

"Kawuna ne. Kuma wallahi kuskure aka yi. Mutumin nan ko goro ba ya ci."

Rwang ya buɗe baki zai yi magana, aka kira shi, ya wuce.

Tsoro ne ya cika Uwaisu, amma haushi ya fi. Wato haka ake yi wa dattijo, don ba a san shi ba? Ya tura butar bayan tukwane, ya ɗauko wata, ya zuba ganyen shayi da tafasasshen ruwa. In ya so a kore shi daga aikin, a kuma kore shi daga gida, amma ba da hannunsa za a shayar da Kawu haram ba.

Ya isa teburin kansa a ƙasa, ya ajiye kofi, ya zuba. Tururi ya tashi. Alhaji Almu ya dubi tururin, ya bi hannun da kallo har zuwa fuska.

"Uwaisu?"

"Na'am, Kawu." Saura kaɗan ya durƙusa a tsakiyar Turawa. "Ranar Asabar kawai nake zuwa, kuɗin haya a unguwar Tottenham ne ya..."

"Me ka zuba mini?"

"Shayi ne. Na ga sun yi kuskure a kicin, wani abu suka sa a butar, shi ne na canza."

Baturen na ta murmushi, bai san me ake cewa ba. Alhaji Almu ya daɗe yana kallon farantin naman ragon da ke gabansa. Uwaisu na jiran tsawa, har ya ji wayar rediyon a gadon bayansa.

"Wa ka taɓa gani yana shan shayi da gasasshen nama da rana tsaka?" Muryar ƙasa-ƙasa take, ba faɗa a cikinta. "Koma ka kawo abin da aka ba ka."

Uwaisu bai san yadda ya kai kicin ya dawo ba. Ya ajiye wani kofi, ya karkata butar, jan ruwan ya sauka. Kawunsa ya ɗaga kofin ya juya shi a hankali, ya kai hanci, ya kurɓa, ya bar shi a baki kafin ya haɗiye. Sannan ya ce wa Baturen da Turanci, bana Sira ta yi yawa a haɗin, ta bara ta fi laushi. Baturen ya gyaɗa kai, ya ce ai Alhaji ba ya kuskure a wannan fanni.

Ta bara! Ashe Kawu ya daɗe yana sha.

Alhaji Almu ya yanki nama, bai ɗago ba. "Jibi zan koma Kano. Zan ce wa mahaifiyarka da Zinatu na same ka a laburare, kana ta fama da littattafai. Kai ma a laburaren ka gan ni. Ka ji ko?"

Ga karatunsa, ga Zinatu, ba abin da ya taɓa su. Amma bai ji daɗi ko na ƙwayar gero ba, kuka ne ma ke neman ƙwace masa.

"Na ji, Kawu. Na gode."

Alhaji Almu ya turo kofin da ɗan yatsa. Uwaisu ya ƙara masa.