Kwanon Ruwa a Kan Musbahu

Ni ne na ɗora wa yaron nan kwanon ruwa a ka, ba wani ba. Gara in faɗa tun daga farko, kada a je ana neman mai laifi a nesa.

Sunana Ɗanbala, makaɗin noma, ɗan makaɗin noma. Asalinmu Zandam ta ƙasar Gwaram, amma shekara ashirin da ɗaya ke nan ina zaune a Birnin Kudu ina ɗinkin ganguna, tun bayan da babur ya yi watsi da ni a hanyar Basirka ya bar ni da ƙafar dama da ba ta lanƙwasuwa. Kafin wannan rana, wallahi ba yabon kai ba, idan na rataya ganga na shiga gaban 'yan gayya, da baya nake tafiya ina tsallake kunyoyi, in ja ƙafar hagu in dire ta daidai lokacin da fartanyu ke sauka. Har tsofaffi sukan jefar da sanda su karɓi fartanya. Bayan hatsarin kuwa, sai dai a kafa mini kujera a inuwa in yi ta duka daga zaune, manoma su yi nisa su bar ni da kiɗana. Damina biyu na jure, na tattara iyalina na bar garin.

Ɗana Musbahu yana da shekara tara na fara ba shi gula, sandar kiɗa. Yaron nan da ya buga sau uku sai kafaɗarsa ta ɗauka, sai ƙugu, sai ƙafa. Wata ranar Laraba a tsakar gida na ga ya ja ƙafar hagu baya ya dire ta, irin tawa sak, alhali ba wanda ya taɓa koya masa. Uban kirki da hamdala zai yi. Ni kuwa sai na daka masa tsawa.

"Kai! Ɗan koroso na haifa? Makaɗin gidanmu ba ya rawa. Kiɗa a hannu yake, ba a ƙugu ba."

Na ɗauko kwanon sha na cika shi da ruwa fal, na ɗora masa a ka, na ce ya buga. Duk ɗigon da ya zuba, gula a kafaɗa. Uwarsa Jummai ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah?" Na ce ta koma ga tukunyarta, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka muka yi shekara huɗu kullum da la'asar, har ya zamana zai yi taken manoma goma a jere ruwan nan ko girgiza bai yi ba.

To, na tanƙwara shi kam. Hannunsa ya fi nawa tsabta, wannan kowa ya sani. Amma idan ya tsaya gaban jama'a sai ka ce turke aka kafa. Idonsa a ƙasa, wuya a sanƙare, in zai yi wa manomi kirari muryar ba ta wuce haɓarsa.

Daminar bara Sarkin Noman Zandam, Alhaji Sada, ya kira gayyar maimai a gonarsa ta dawa, ya aiko a zo da gangar gidanmu. Gayya yanzu ta yi ƙaranci, kowa sai maganin feshi, saboda haka ba kiran da za a yi wasa da shi ba ne. Muka je. Musbahu ya tsaya a bakin gona yana zuba kiɗa mai kyau, mutum arba'in suka duƙa suka yi gaba, shi ko taku ɗaya bai yi ba. Kafin su kai tsakiya sautin ya rage musu kamar daka a maƙwabta. Sai wani ja'irin saurayi ya zaro 'yar rediyo daga aljihu ya kunna waƙar zamani, aka kwashe da dariya, aka ci gaba da noma da ita.

Da aka tashi Alhaji Sada ya ja ni gefe. "Ɗanbala, don darajar mahaifinka zan sake kiran ku baɗi. In aka maimaita wannan, makaɗan Basirka zan nema, kada ka ga laifina."

A motar komawa Birnin Kudu, Musbahu ya matso kusa da ni bayan mun wuce Gwaram. Sannan ya ce, "Baba, in baɗi ma haka ta faru, zan rataye gangar nan in tafi kasuwar Dawanau dako." Ya faɗa a hankali, kuma na san ba barazana ba ce. Ganga ce da ta ga kakana. Kun san abin da na ce masa? Na ce samarin yanzu ne ba su da kunnen kiɗa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na mai rediyo.

Da rani ya shiga na lura duk Asabar da Lahadi da sassafe yakan fice ya bar gangar a rataye. Na tambayi Jummai, ta ce ita ba 'yar sanda ba ce. Ran nan na ɗauki sandata na bi shi a baya ina ɗingishi har filin wata makarantar firamare.

Abin da na gani ya kusa sa ni haɗiye goron bakina. Gardawa wajen goma, makaɗa da mawaƙa, ba ganga ba kalangu, ƙafa ba takalmi, suna tafiya da baya a kan wasu kunyoyi da aka ja da yashi. A gabansu wani dattijo siriri da usur a wuya, Malam Abdulsalami, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya ya koma horar da masu kiɗa kyauta. Ya sa su girgiza kafaɗu kamar masu kakkaɓe ƙaiƙayi. Ya sa su dafa ciki su ja numfashi su sake shi da "hah!" Ya ba Musbahu fartanya ya ce ya sari ƙasa sau ashirin, ya saurari inda numfashinsa ke fita, don a nan ne gula za ta sauka. Sannan ya jera su biyu-biyu, kowa ya kalli idon ɗan'uwansa yana matsowa. Ɗana, mai shekara ashirin da biyar, gumi na zuba, ya kasa ɗaga ido ya kalli mutum.

Na kutsa cikin filin ina ɗaga sanda. "Malam, wa ya ba ka izinin mayar mini da ɗa ɗan rawa? Gidanmu ba a haka!"

Ya sallami yaran su je su sha ruwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

"Malam Ɗanbala, ni mutumin Basirka ne. Ina saurayi na yi tafiyar awa biyu a ƙasa don in ga wani makaɗi yana tsallake kunyoyi da baya a gonar Sarkin Noma. Ko ba kai ba ne?"

Na ce wannan shirmen ƙuruciya ne.

"To shirmen nan shi nake nema a jikin ɗanka. Wata biyu ina fama da wuyansa kaɗai. Yaron yana tafiya kamar akwai abin da yake tsoron ya zubo daga kansa. Ban san wa ya ɗaure shi ba, ni dai kwancewa nake."

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Na zazzage shi tas, na ce masa ɗan boko mai usur, na juya na tafi. Amma tun daga filin har gida ƙafafuna biyu ne suka yi nauyi, ba ɗaya ba. Na ji kunya, na ji tsoron Allah, kuma duk da haka da Musbahu ya dawo sai na shige shago na ci gaba da ɗinkin ganga. Asabar ta zagayo ya sake fita, ni kuma na yi kamar ina barci.

Sannu a hankali na ga abu yana sauyawa. Mai kawo gyaran ganga zai yi sallama, Musbahu ya ɗaga kai ya amsa da muryar da ake ji har zaure. Tafiyarsa ta saki. Wata rana na hango shi ta tagar shago yana gwada sabuwar fata, kafaɗa na aiki, kiɗan yana da wani irin daɗi da ban taɓa ji a hannunsa ba, yana hawa yana sauka kamar magana. Ina yin gyaran murya ya sandare, kiɗan ya koma na da. Jummai ta ce, "Kai dai ko kaza ta gan ka sai ta daina tono." Gaskiya ta faɗa.

Damina ta faɗi, dawa ta kai gwiwa, saƙon Alhaji Sada ya iso. Muka hau mota zuwa Gwaram, daga nan babur zuwa Zandam, gangar a cinyar Musbahu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi. Aka kafa mini kujera a gindin ɗorawa. Na hango makaɗan Basirka su biyu zaune a can gefe, gangunansu a rufe da buhu, wai kallo suka zo.

Manoma suka jeru. Musbahu ya cire takalmi, ya gyara rataya, ya ja numfashi yadda aka koya masa. Ya shiga gaban layi, na ce alhamdu lillahi. Ya ɗaga gula, sai ya waiwayo ya kalle ni.

Shi ke nan. Na ga wuyan nan ya miƙe, kafaɗu sun ɗaure. Ya fara buga kiɗa mai tsabta, matacce. Layin manoma ya taho ya raba biyu ya wuce shi kamar an wuce kututture. Mai rediyon nan na bara ya fara shafa aljihu yana yi wa abokinsa raɗa. Alhaji Sada ya juya yana duban inda mutanen Basirka suke.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na miƙe na yi jifa da sandar. Na shiga gonar nan ina jan ƙafa, na tsaya inda zai gan ni, na juya baya, na ja ƙafar hagu zan dire ta kamar yadda nake yi shekara ashirin da uku da suka wuce. Ta dama ta ƙi ɗaukata. Na tafi da baya na zube rigijib a cikin caɓi, hula ta yi nata wuri, babbar riga ta rufe mini fuska. Gona ta ɗauki dariya. Musbahu ya yunƙuro zai ɗaga ni.

"Kada ka taɓa ni!" na ce daga kwance. "Haka ake yi, ja'iri, amma ba a faɗuwa! Ƙarya na yi maka, gidanmu da rawa ake kiɗa. Taka! Ka taka, don Allah!"

Ya kalle ni. Sannan ya juya da gudu ya sha gaban layi, ya fuskance su, ya durƙusa kaɗan, ya ja ƙafar hagu.

Wayyo Allah. Ina zaune a cikin taɓo na ga abin da na binne da hannuna. Yana tafiya da baya yana tsallake kunyoyi, gula na sauka tare da fartanyu, ganga na lilo a ƙugunsa. Ya matsa gaban mai rediyon, ya kalle shi ido cikin ido, ya kira sunan kakan yaron da murya har ƙarshen gona, ya ce jikan wane ba ya noma da batir. Yaron ya yi ihu ya duƙa yana sara kamar zai tsaga ƙasa. Mata masu kawo fura suka ajiye ƙore suka rangaɗa guɗa. Kafin azahar an gama gonar da aka yi wa lissafin la'asar, mutanen Basirka kuwa ban ga lokacin da suka tafi ba. Alhaji Sada ya cire hularsa ya ɗora wa Musbahu, ya ce gayyar huɗa ma tasa ce.

Da aka zauna cin abinci ya zo gindin ɗorawar ya durƙusa kusa da ni, jikinsa sharkaf. Na tattaro duk abin da ya rage mini na ƙarfin hali.

"Musbahu, ni ma da haka nake yi. Ba al'adar gida ba ce ta sa na hana ka. Baƙin ciki ne. Na kasa jure ganin ƙafata a jikinka."

"Na sani, Baba," in ji shi. "Tun ina shekara goma Inna ta gaya mini."

"Ka sani? To me ya sa ka tsaya shekara goma sha biyar kamar gunki?"

Ya sunkuyar da kai yana cire taɓo daga yatsun ƙafarsa. "Gular ba ta da wani zafi, Baba. Fuskarka ce. Duk lokacin da na motsa sai in ga kamar an sake kayar da kai a hanyar Basirka. Sai na ga gara ni in tsaya."

Ni da nake ganin tsorona yake ji, ashe tausayina yake ji, yaro ɗan shekara goma. Ya ga bakina ya bushe, ya tashi ya ɗebo ruwa a kwanon sha, ya cika shi fal, ya miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa, ina kai shi baki rabin ruwan ya zube a rigata. Ba wanda ya ɗaga mini gula. Musbahu ya tallafi gindin kwanon har na sha.